Shirun da Na Yi wa Kuroiwa Alkawari

Shekara tara na yi ina aiki da Kuroiwa, kuma bai taɓa tambayata lafiyar iyalina ba. Ni ma ban taɓa tambayarsa ba, don haka ba zan ce ya cuce ni ba. Farkon Oktoba na kowace shekara yake sauka Malta, da jaka ɗaya da wuƙaƙe uku naɗe cikin ƙyalle, ni kuma in je filin jirgi in ɗauko shi. In rusuna, ya rusuna rabin nawa, sannan ya duba agogonsa. Gaisuwarmu ke nan.

Gonar da nake wa aiki tana kiwon kifin tuna a cikin keji shida, can cikin teku gabas da garinmu. Tun daga Yuni muke ɗura musu ƙananan kifaye har su yi ƙiba, kowanne ya fi ni nauyi sau uku, ni kuwa ba ƙaramin mutum ba ne. Kamfanin su Kuroiwa ne ke saye su kakaf ya kai Japan. Amma ba a loda ko ɗaya a jirgin ruwa mai ƙanƙara sai Kuroiwa ya yanki wutsiya, ya haska naman da 'yar tocila, ya murza shi tsakanin yatsu biyu. In ya gyaɗa kai, kowa ya yi numfashi. In ya goge yatsunsa da tawul bai ce komai ba, ranar babu wanda zai yi wa wani magana har yamma.

Ni ne tafinta. Ina saurayi gwamnati ta tura mu mu uku Japan koyon harkar kifi. Biyun sun dawo da ilimi, yanzu ɗaya darakta ne, ɗaya yana da jirage. Ni na dawo da harshen, da kuma ɗabi'ar rusunawa in ina magana a waya, abin da ya sa duk garinmu ake kirana Ɗan Japan. Kuroiwa kuwa, a gabana Psaila-san yake cewa, wato sunan gidanmu da girmamawar harshensu, a bayan idona ya sa mini suna Gobe, wai don duk abin da ya tambaya sai in ce masa gobe. Ma'aikatan jirginsa ne suka gaya mini, suna tsammani ban sani ba.

A shekara ta taran ne, wata Litinin da sassafe, Sinjura Cutajar, mai gonar, ta kira ni ofishinta da ke bakin kwata, inda jiragen ruwa ke tsayawa. Ta ce gwamnatinmu da ta Japan za su sa hannu kan wata yarjejeniya ta harkar kifi, kuma baƙin da za su zo daga Tokyo suna so su ga yadda ake ciro tuna daga keji. Gonarmu aka zaɓa. Ranar Alhamis, ƙarfe goma na safe.

"Ka sa kwat," in ji ta. "Ba wadda ka sa wa jana'izar mijina ba."

Kuroiwa yana zaune a gefe yana wasa wuƙa. Na fassara masa labarin, ban da zancen kwat. Bai ɗago kai ba.

"Psaila-san, garinku yana da wata cuta."

"Muna da su da yawa. Wacce daga ciki?"

"Wadda ke fashewa a sama."

Na gane. Mu dai in muna murna sai mun harba albarushi. In bikin waliyyi ne, in ƙwallo ce, in zaɓe ne, ko da rana tsaka, babu haske babu launi, ƙara kawai, irin wadda ke girgiza gilashin taga. Shekara uku kafin nan wani ya aurar da 'yarsa ya sa aka yi ta harbi daga kan tsaunin bakin teku, kuma duk kifin da muka ciro a ranar Kuroiwa ya goge musu yatsu.

"Tuna duk jikinsa kunne ne," ya ce, kamar yana koya wa yaro. "In ya firgita ya yi gudu, jikinsa ya ɗau zafi, naman ya dahu tun yana da rai. Ranar Alhamis zan yanka wutsiya a gaban mutanen ƙasata. Ina son shiru daga fitowar rana zuwa ƙarfe ɗaya."

"Za ka samu."

"Ka amsa da sauri da yawa."

"Na yi maka alkawari."

Sai a lokacin ya dube ni. "In na ji ƙara, ba zan sake aiki da kai ba. Zan gaya wa Sinjura ta nemo mini wani baki."

Sinjura Cutajar ta tambaye ni me ya ce. Na ce yana sa ran komai zai tafi lafiya.

Masu harbin garinmu gida biyu ne, kamar yadda 'yan badujala suke gida biyu, mashaya biyu, da waliyyai biyu a coci ɗaya: 'yan Fitila da 'yan Zakara. Kulob ɗinsu suna fuskantar juna a dandali, kuma tun zamanin kakana babu wata takarda da ta taɓa ɗaukar sa hannun su biyun. Ni ɗan Fitila ne gaba da baya. Na je na auro Vitorja daga gidan Zakara, kuma ba kowane gida ba, yayanta Grezzju shi ne sarkin albarushinsu. Yatsu takwas gare shi, yana alfahari da biyun da suka tafi fiye da waɗanda suka rage.

Ranar Litinin ɗin da hantsi na same shi a kulob ɗinsu yana shan shayi a kofin gilashi, da pastizzi biyu, irin samosar garinmu, a gabansa.

"Ga Ɗan Japan," ya ce wa mai shayi. "Ɓoye cokulan, kawo masa tsinke biyu, da su suke cin abinci a can."

"Ina kwana, Grezzju."

"Ƙanwata ta kore ka ne?"

"Tukuna."

"Haƙuri gare ta. Ba daga gidanmu ta gado shi ba."

Na zauna ba tare da an ce in zauna ba, na yi masa bayanin baƙi da kifi da zafin nama. Ya saurara yana tauna. Ya riga ya san da zuwan baƙin, har ya fi ni sanin launin motar da za ta ɗauko su.

"Wato manyan mutane za su taso tun daga can ƙarshen duniya," ya ce, "su zo garinmu, a tarbe su shiru kamar masu bin bashi. Don kada kifi ya ji tsoro."

"Haka ne."

"Kelinu ne ya aiko ka."

Kelinu shi ne sarkin albarushin 'yan Fitila. Yatsunsa goma cif, kunne ɗaya ne ya rasa.

"Babu wanda ya aiko ni. Aikina ne a kai, Grezzju. Abincin ƙanwarka."

"Ƙanwata ta san hanyar gidan uwarta. Ka je ka gaya wa wannan kurman cewa dabararsa ta tsufa. Ni in yi shiru, shi ya harba, gobe a ce 'yan Zakara ba su da albarushi. Ko jaririn da aka haifa jiya ba za a yi wa wannan ba."

A nan ne hikimata ta motsa, kuma ya kamata in faɗi inda na samo ta. A Japan na koyi cewa in kana son mutum ya yarda da abu, ba gardama za ka yi da shi ba. Ka gaya masa kowa ya riga ya yarda, shi kaɗai ya rage. Kunya za ta ƙarasa maka aikin. Na ga an yi haka a taron masunta, a taron unguwa, har a gidan da na yi haya. Bai taɓa kasawa ba.

"Ai daga wajen Kelinu nake," na ce. "'Yan Fitila sun riga sun amince. Ba za su harba ba."

Grezzju ya daina tauna. "Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

"Ya faɗa da bakinsa?"

"Har da rantsuwa."

Ya dubi dandali ta taga. Sannan ya yi mini murmushi, karo na farko cikin shekara ashirin da huɗu da na auri ƙanwarsa, ya tura mini pastizzi ɗaya.

"Ci, suruki. Je ka yi aikinka, kada ka damu da mu." Ya ɗaga wa mai shayi hannunsa mai yatsu uku. "Shayinsa a kaina."

Na tsallaka dandali na shiga kulob ɗinmu, na daka wa Kelinu labari iri ɗaya a kunnensa mai ji, cewa 'yan Zakara sun rantse ba za su harba ba. Ya sa na maimaita sau biyu. Sannan ya dafa kafaɗata, ya ce ashe auren da na yi bai lalata ni gaba ɗaya ba.

Na koma gida ina jin ya kamata a ce ni ne jakada. Vitorja tana sara zomo a kicin. Na ba ta labarin tun daga farko, ina jan shi don ta ji daɗinsa.

"Yayana ya biya maka shayi?" ta ce.

"Har da pastizzi."

Ta ajiye wuƙar. "Wistin, a ina aka haife ka?"

"Kin sani."

"Ina tambaya ne, don na fara shakka. Ka je ka gaya wa Grezzju cewa ranar Alhamis sararin sama nasa ne shi kaɗai, a gaban minista da baƙi da 'yan jarida. Sannan ka tsallaka titi ka gaya wa Kelinu haka."

"Za su ji kunya su..."

"Su wa?"

Ta ci gaba da sara zomonta, da ɗan ƙarfi fiye da yadda zomo ke buƙata.

Talata da Laraba na yi su ina yawo. Rumfar da Grezzju ke haɗa kayansa a bayan gari tana kulle, ta Kelinu ma haka. Na kira Grezzju a waya ya ce yana wajen likitan haƙori, a bayansa kuwa ina jin ana ja da wani abu mai nauyi a kan siminti. Kelinu ya ɗauki waya ya sa ta a kunnen da ba ya ji. Na je wajen limamin cocinmu, wanda ya ba ni kujera da kofi, ya ce shi uba ne ga kowa, ba ya shiga tsakanin 'ya'yansa. Da na matsa masa, sai ya ce ai ya riga ya sa wa motocin albarushin gidajen biyu albarka, ba ya iya janye ta.

Laraba da la'asar na tarar da Kuroiwa a bakin kwata yana duba igiyoyin ƙugiya. Ya tambaye ni da kalma ɗaya.

"Gobe?"

Ga dama ta samu. Da na buɗe baki na ce masa na yi wauta, da an san abin yi. Amma shekara tara mutumin nan yana jiran ranar da zan tsaya a gabansa in ce na kasa, ni kuma na ga ba zan ba shi wannan kyautar ba tun ana sauran kwana ɗaya. Wa ya sani, wataƙila a yi ruwa. Wataƙila ciwon haƙorin Grezzju na gaske ne.

"Shiru," na ce.

Ya dube ni, sannan ya koma kan igiyarsa.

Ba a yi ruwa ba. Ranar Alhamis teku ta kwanta lumui, sama babu ko ɗigon gajimare. Baƙi shida suka zo daga Tokyo, shugabansu wani dattijo mai fara'a da ke gode wa kowa har da mai kwance igiya. Namu kuwa ƙaramin minista ne da mutanensa, da masu ɗaukar hoto biyu. Muka ɗebe su a jirgin gona zuwa keji na huɗu. Ina tsakiya cikin kwat ɗin aro, ina juya kalmomin zumunci daga wannan harshe zuwa wancan: ƙasashe biyu na tsibiri, teku ɗaya, abota mai daɗewa. Kuroiwa yana can gefe da farar rigarsa, ya shimfiɗa wuƙaƙensa a kan katako.

Ƙarfe goma da kwata masu nutso uku suka shiga kejin da bindigoginsu. Aikinsu shi ne su bi kifi a hankali, su harbe shi a ka sau ɗaya, ya mutu bai san an yi ba. Daga sama kana hango tuna suna kewayawa a natse, baƙaƙe, kamar inuwar motoci.

Na fara tunanin ko Vitorja ba ta san yayanta ba.

Sai ga wani farin hayaƙi ya tashi daga kan tsauni, can wajen gonakin 'yan Fitila. Ƙarar ta iso bayan daƙiƙa kaɗan. Ɗaya, biyu, sannan a jere. Kuroiwa bai dubi tsaunin ba, ni ya duba.

"Da nisa," na ce masa da harshensu, ƙasa-ƙasa. "Ba za ta kai ruwa ba."

Kuma da iyakarta ke nan da wataƙila mun sha. Kifin sun ɗan ƙara sauri, shi ke nan. Amma Grezzju ya yi lissafin cewa baƙi suna teku, don haka duk wanda ya harba daga tudu rabin gaisuwa ya yi. Daga bayan keji na shida wani faffaɗan jirgi ya ɓullo, irin wanda ake ɗaukar tsakuwa da shi, an jera masa bututun albarushi daga gaba har baya, da jar tuta mai zakara tana kaɗawa. Surukina yana tsaye a tsakiya da rigar coci. Ya ji harbin Kelinu, ya gane an yi masa ƙarya, kuma na ga lokacin da ya ɗaga hannu ya nuna wa mutanensa cewa kada a rage komai.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba, ni da na girma a cikinta. Ƙarfen jirginmu ya riƙa rawa a ƙarƙashin takalmina. Kelinu ya amsa daga tsauni, Grezzju ya mayar masa biyu. Ruwan cikin keji ya koma kamar tukunya a kan wuta. Kifi ɗari huɗu suna gudu suna dukan raga, suna dukan juna. Masu nutso suka fito ɗaya bayan ɗaya suna kama igiya, babbansu ya cire abin numfashi daga bakinsa ya ambaci uwar Grezzju, wadda surukata ce, da kalmomin da na yi farin cikin ba aikina ba ne in fassara.

Baƙi kuwa tafi suke yi. Dattijon Tokyo ya riƙe hularsa da hannu ɗaya yana dariya kamar yaro, ya tambaye ni wane ne wannan gwani. Ƙaramin minista ya ce in gaya masa haka muke tarbar abokai. Na gaya masa.

Minti goma sha ɗaya aka yi. Na sani don Kuroiwa yana kallon agogonsa tun daga farko har ƙarshe.

Da hayaƙi ya lafa, masu hoto suka ce to ina kifin. Sinjura Cutajar ta dubi minista, ta dubi baƙi, ta ce wa masu nutso su koma su kawo ko guda ɗaya ne. Suka koma suna gunaguni. Ƙugiya ta ɗago shi yana ɗigar da ruwa, ƙato, kyakkyawa daga waje, aka yi ta ɗaukar hoto. Kuroiwa ya durƙusa ya yanki wutsiya. Ko tocila bai kunna ba. Naman da ya kamata ya fito ja mai sheƙi ya fito fari-fari, kamar an zuba masa tafasasshen ruwa. Ya murza shi, ya ɗauki tawul ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

Sannan ya buɗe wani akwatin ƙanƙara da ban lura da shi ba, ya ciro wani yankin nama ja jawur, ya yayyanka shi siriri a faranti, ya miƙa wa baƙi da hannu biyu. Suka ci, suka lumshe ido, dattijon ya ce bai taɓa cin irinsa ba. Minista ya haɗiye nasa da ƙyar yana murmushi, don mu ɗanyen kifi sai dole.

Ni kuma Kuroiwa ya yanko mini daga kifin ranar, ya miƙo mini a bakin wuƙa.

"Ci, Psaila-san. Naka ne."

Na ci. Tsami gare shi, kuma yana wargajewa a baki kamar jiƙaƙƙiyar takarda.

"Wancan fa?" na tambaye shi, ina nuna farantin da ido.

"Na Litinin ne. Tun ranar da ka yi alkawari na ajiye shi."

Bayan baƙi sun tafi cin abinci da sa hannu a babban birni, muka koma ofishin bakin kwata mu uku. Sinjura Cutajar ta zauna, Kuroiwa ya ƙi zama, ni kuma na tsaya a inda na saba, tsakaninsu. Sai a lokacin na tuna cewa duk gonar babu wanda ke jin harshensa sai ni.

"Ka fassara duka," ya ce. "In ka rage zan gane a fuskarta."

Na fassara duka. Ya ce kifi sha bakwai sun mutu a raga, sauran za su huce cikin kwana goma, kuma kamfaninsa zai saya kamar kullum. Sinjura ta sauke ajiyar zuciya. Ya ce bai riƙe masu harbi a zuci ba, mahaukata ne, kuma kowace ƙasa tana da nata. Ya ce da an gaya masa gaskiya jiya da la'asar, da ya sa an ciro kifi uku tun da asuba, a rufe keji, baƙi su sha ƙararsu lafiya, babu mai nutson da zai kusa mutuwa. Ya ce ya tambayi mutumin nan, mutumin nan ya dube shi ya ce shiru.

"Wane mutum?" in ji Sinjura.

"Ni," na ce.

"Ci gaba."

"Ya ce kifi zai huce, amma mutumin nan haka zai mutu. Ya ce ba zai ƙara karɓar magana daga bakin maƙaryaci ba. Ko ki kawo wani tafinta kafin Litinin, ko ya kira kamfaninsa."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Maƙaryaci ya ce, ko kai ka ƙara gishiri?"

"Kalmar da ya yi amfani da ita ta fi haka nauyi kaɗan, Sinjura. Ba mu da irinta."

Ina ganin ban taɓa yin fassara mai kyau kamar ta ranar ba. Kuroiwa ma ya lura. Da zai fita ya tsaya a ƙofa ya rusuna mini, cikakkiyar rusunawa, irin wadda ake yi wa gawa. Sinjura ta ce in bar makullin motar gona a kan tebur, kwat ɗin kuma in mayar wa mai shi.

Kafin Litinin ta samo wata mata mai digiri biyu, wadda na ji an ce tana isa filin jirgi minti talatin kafin lokaci. Hoton sa hannu ya fito a jarida, da na kifin yana rataye, kuma in ka duba gefen hagu da kyau za ka ga gwiwar hannuna. Sati biyu bayan haka aka kawo mini wasiƙa gida. 'Yan Fitila da 'yan Zakara sun zauna, sun gano abin da na gaya wa kowannensu, sun hana ni shiga kulob ɗin biyu har tsawon shekara biyar. Kelinu ya sa hannu a dama, Grezzju a hagu. Limamin coci ya ambaci takardar a huɗubarsa, ya ce alama ce ta cewa zukata suna iya haɗuwa. Yanzu a gidan mai nake shan shayi, a kofin roba, kuma da rana ina tsaron shagon ɗan'uwan Vitorja inda ake sayar da ƙugiya da tsutsar kamun kifi.

Wata Lahadi cikin Janairu muna cin abinci a gidan surukata, Grezzju ya goge bakinsa ya ciro wata ambulan mai kauri daga aljihu, ya wurgo mini ita ta saman kwanon taliya.

"Karanta mini wannan, Ɗan Japan."

Daga dattijon Tokyo take. Garinsu yana yin bikin wasan wuta a bakin kogi kowane Agusta, kuma tun da ya koma yake ba su labarin wani gwani da ya gani a kan jirgin tsakuwa. Suna gayyatarsa, shi da mutum huɗu, da tafinta ɗaya in yana da shi.

Na karanta sau biyu a zuci. Na ɗago kai ina shirin cewa gaisuwar sabuwar shekara ce.

"Kada ka wahalar da kanka," in ji Grezzju. "Na riga na sa an duba mini a waya. So nake in ga ko ka warke."

Na karanta masa ita kalma bayan kalma. Ya saurara ido rufe, yana kaɗa yatsunsa uku a kan tebur.

"Sun ambaci Kelinu?"

"A'a."

"Sake karanta wajen da ba su ambace shi ba."

Vitorja ta ture kwanon taliya gefe, ta ajiye takarda da biro a gabana.

"Ba zan biya ka ba," Grezzju ya ce. "Za ka ci abinci, za ka ɗauki jakata. In ka rusuna wa wani da sunana, in bar ka a can."

Na dubi matata. Ta ce tsutsa ba ta ciniki a watan Agusta, kuma ita ma tana son gidan ya ɗan yi shiru. Na cire murfin biron, na tambaye shi da wace gaisuwa yake so a fara.